Tambaya da Amsa: Paha Sapa, Duwatsun da Lakota Suka Ƙi Karɓar Kuɗinsu

A wannan fitowar mun haɗa wasiƙun da suka zo mana kan wani yankin duwatsu a Amurka, wanda al'ummar Lakota ke kira Paha Sapa ko He Sapa, Turawa kuma suke kira Black Hills. Lakota suna cikin 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar a nahiyar. A takardun gwamnatin Amurka an fi sanin su da Sioux, sunan da ya haɗa su da 'yan'uwansu Dakota.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malamai. A ina waɗannan duwatsu suke, kuma da gaske baƙaƙe ne?

AMSA: Wa alaikumus salam. Suna yammacin jihar Dakota ta Kudu, sun ɗan leƙa cikin arewa maso gabashin Wayomin. Tsawon yankin daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 200 ne, faɗinsa kuma ya kai 100. Abin da ya sa suka yi fice shi ne a tsakiyar fili suke, shimfiɗaɗɗen filin ciyawa da ido ba ya ganin ƙarshensa, sai kawai matafiyi ya hango su sun taso kamar tsibiri. Ƙololuwar da ta fi kowace tsawo ta kai mita 2,207.

Dutsen kansa ba baƙi ba ne. Dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, da ake kira ponderosa, su ne suka lulluɓe shi, daga nesa sai ka ga duhu. A yaren Lakota sapa na nufin baƙi. Tsakiyar yankin tsohon dutse ne ƙwarai, shekarunsa sun haura biliyan 1.7, sai ƙasa ta tunkuɗo shi sama kimanin shekara miliyan 60 zuwa 70 da suka wuce, ruwa da iska suka zaizaye abin da ke samansa. Shi ya sa in an duba daga jirgin sama ake ganin duwatsun sun yi zobe cikin zobe.

TAMBAYA: Me ya sa ake cewa wurin yana da tsarki a wajensu? Wani malaminmu na tarihi ya ce ai su ma ƙwace shi suka yi daga wasu ƙabilu. Wanne ne gaskiya?

AMSA: 'Yar'uwa, tambayoyi biyu kika haɗa, bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Tsarkin yana rataye ne da wurare sanannu, kowane da labarinsa da ibadarsa. A kudancin yankin akwai wani kogo mai ƙaramin baki da iska ke fita daga cikinsa kamar numfashi. A labarin Lakota, ta nan kakanninsu suka fito doron ƙasa. Masana sun bayyana iskar: in nauyin iskar waje ya ragu, ta cikin kogon sai ta huro waje, in ya ƙaru sai kogon ya zuƙe ta. Hanyoyin da aka auna a cikinsa sun wuce kilomita 240, gwamnati kuma ta mai da shi gandun ƙasa tun 1903.

Akwai kuma wani kwari mai jar ƙasa da ya kewaye duwatsun baki ɗaya. Lakota da wata ƙabila mai suna Cheyenne suna kiransa filin tsere. A labarinsu nan aka yi tsere tsakanin masu ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu don a san wanda zai ci naman wani, wani tsuntsu baƙi da fari mai kama da hankaka ya ciyo wa masu ƙafa biyu nasara, jan ƙasar kuwa jinin 'yan tseren ne. A tsakiyar duwatsun akwai wani buɗaɗɗen fili marar itace, Pe Sla, wanda suke ɗauka a matsayin zuciyar wurin. A arewa maso yamma akwai Mato Tipila, wani dutse da ya miƙe tsaye kamar ginshiƙi, mita 264 daga gindi zuwa kai. A arewa maso gabas kuma akwai Mato Paha, inda mutum yake hawa shi kaɗai ya yi kwana har huɗu ba ci ba sha yana addu'a, ibadar da suke kira hanbleceya. Mai zuwa can yau zai ga ƙyallaye masu launi da ƙananan ƙullin taba an ɗaure a rassan itatuwa. Addu'o'in mutane ne, ba a taɓawa, ba a kuma ɗaukar hotonsu.

Ibadun suna bin lokaci. Cikin watan Maris ana hawa ƙololuwa mafi tsawo a yi maraba da dawowar tsawa, daga baya a taru a Pe Sla, sai kuma rawar rana a tsakiyar shekara.

Maganar malaminku tana da tushe. Kafin Lakota su kafu a yankin, Kiowa da Cheyenne da Crow da Arapaho sun zauna a kewayensa. Lakota sun gangaro ne daga gabas, wajen jihar Minesota ta yau, cikin ƙarni na 18. Samun dawaki ya ƙara musu ƙarfi, annobar agana kuma ta raunana garuruwan ƙabilar Arikara da ke bakin kogin Misuri, waɗanda da su ne suka tare hanya. Ɗaya daga cikin kalandun da Lakota ke zanawa a fata, inda kowace shekara take da hoto guda, ya nuna isar wani jagoransu duwatsun wajen 1775 zuwa 1776. Dattawan Lakota da yawa suna cewa alaƙarsu da wurin ta girmi wannan nesa ba kusa ba, kuma Cheyenne har yau suna ibada a Mato Paha.

Sai dai mu a ganinmu wannan batu bai taɓa shari'ar da ke tsakaninsu da Amurka ba. Amurka da kanta ta sa hannu, a 1851 da kuma 1868, cewa ƙasar ta Lakota ce. Wanda ya rubuta ya sa hannu cewa abu naka ne ba shi da bakin da zai dawo ya ce ai kakanka ma a hannun wani ya same shi.

TAMBAYA: In har akwai yarjejeniya a rubuce, ta yaya Amurka ta karɓe wurin? Ina son a warware mini daki-daki.

AMSA: Ɗan'uwa, wannan ita ce uwar tambayoyin, za mu ɗan daɗe a kanta.

A tsakiyar shekarun 1860 Turawa suka buɗe hanyar Bozeman zuwa wuraren haƙar zinare na Montana, ta ratsa dajin farautar Lakota, sojoji suka gina sansanoni uku don gadinta. Jagoran reshen Lakota da ake kira Oglala, Mahpiya Luta, wanda Turawa ke kira Red Cloud, ya ja yaƙi daga 1866 zuwa 1868. A ranar 21 ga Disamba 1866 aka hallaka mutum 81 na rundunar Kyaftin Fetterman, ko ɗaya bai tsira ba. Gwamnati ta nemi sulhu, ta kwashe sojojinta daga sansanonin, sai da aka ƙone su sannan Red Cloud ya sa hannu a watan Nuwamba 1868. Wannan ita ce Yarjejeniyar Fort Laramie, Majalisar Dattawa ta amince da ita a 1869.

Sassa uku ne ya kamata mai karatu ya riƙe. Sashe na 2 ya keɓe musu duk yammacin Dakota ta Kudu ta yau, daga kogin Misuri, har da duwatsun, su zauna ba mai takura musu, kuma ba wanda zai shiga sai ma'aikatan gwamnati da aka ba izini. Sashe na 16 ya bar musu wani babban yanki a yamma, wajen kogin Powder, a matsayin ƙasar da ba a sallama ba. Sashe na 12 kuwa ya ce ba wani yanki na ƙasar da za a iya sallamawa sai kashi uku cikin huɗu na baligan maza sun sa hannu. Duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan sashe na 12 take.

A 1873 tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, bankuna suka rufe, mutane suka rasa aiki. Dama an daɗe ana raɗe-raɗin akwai zinare a duwatsun. Ranar 2 ga Yuli 1874 Laftanar Kanar George Custer ya tashi daga sansanin Abraham Lincoln da mutum kimanin 1,000 da amalanke 110. A takarda, neman wurin gina sansani ya kai su. Amma a cikin ayarin akwai masu neman zinare biyu da 'yan jarida da mai ɗaukar hoto. Suka sami zinare a rafin French Creek, kafin watan Agusta ya ƙare labari ya cika jaridu, har rahoton Custer yana cewa ana samun sa a saiwar ciyawa. Lakota suka sa wa hanyar da ya bi suna hanyar ɓarayi.

Da farko sojoji sun riƙa korar mahaƙa kamar yadda yarjejeniya ta wajabta. A watan Satumba 1875 gwamnati ta aika kwamiti ƙarƙashin Sanata Allison ya saye wurin: dala miliyan 6 a sayar gaba ɗaya, ko dala 400,000 duk shekara a matsayin haya. Waɗanda suka yarda a yi maganar farashi ma ba su sauko ƙasa da dala miliyan 70 ba. Mutanen wasu jagorori biyu, Tatanka Iyotake, wato Sitting Bull, da Tasunke Witko, wato Crazy Horse, ba su yarda a yi ciniki ba sam. Taro ya watse.

Daga nan aka canja salo. A farkon Nuwamba 1875 Shugaba Ulysses Grant ya gana da manyan hafsoshinsa a fadar gwamnati, aka yanke shawara a asirce cewa sojoji su daina tare mahaƙa. Cikin 'yan watanni suka kai dubbai. A watan Disamba aka aika wa duk Lakota da ke farauta a yammacin ƙasar cewa su dawo ofisoshin wakilan gwamnati kafin 31 ga Janairu 1876, in ba haka ba a ɗauke su abokan gaba. A lura da abu biyu. Farautar da suke yi yarjejeniya ce ta halatta musu. Sannan tsakiyar hunturu ne, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, dawaki sun rame, ba yadda za a yi a kwashi mata da yara da tsofaffi a yi tafiyar ɗaruruwan kilomita. Wa'adi ne da aka san ba zai cika ba. Ranar 1 ga Fabrairu aka miƙa al'amarin ga ma'aikatar yaƙi.

Yaƙin 1876 ya zo da abin da ba a zata ba. Ranar 17 ga Yuni mayaƙan Lakota da Cheyenne suka tsayar da Janar Crook a bakin rafin Rosebud. Ranar 25 ga Yuni, a bakin kogin Little Bighorn, suka kashe Custer da duk mutanen da ke tare da shi, fiye da 200. Labarin ya isa biranen gabas daidai lokacin da ƙasar ke bikin cika shekara 100 da samun 'yanci, zukata suka harzuƙa.

Ranar 15 ga Agusta 1876 Majalisar Dokoki ta saƙala wani sharaɗi a dokar kasafi: ba za a ƙara ba Lakota abinci ba sai sun sallama duwatsun. Lakota suna kiran wannan doka "ku sayar ko ku mutu da yunwa". Barazanar ta yi tasiri ne saboda ɓaunar da suka dogara da ita, nama da fatar tanti da sutura, ana kan ƙarar da ita, kuma sojoji sun shiga ƙwace bindigogi da dawakan waɗanda ke zaune kusa da ofisoshin gwamnati. A watan Satumba kwamitin George Manypenny ya zagaya da takarda rubutacciya tun daga Washinton. Waɗanda suka sa hannu ba su wuce kashi 10 cikin 100 na baligan maza ba, alhali sashe na 12 yana neman kashi 75.

Tunda sa hannun bai cika ba, takardar ba ta zama yarjejeniya ba. Sai Majalisa ta ɗauke ta ta mai da ita doka ranar 28 ga Fabrairu 1877. Da wannan doka aka ɗauke eka miliyan 7.3. Abin da aka yi alkawari a madadi shi ne abinci: kowane mutum a rana laba ɗaya da rabi na naman sa, rabin laba na fulawa, rabin laba na masara, sannan a kowane rabo 100 a ƙara laba 4 na kofi, 8 na sukari, 3 na wake. Shi ma da sharaɗi, sai yara suna zuwa makarantar gwamnati, manya kuma suna aikin gona.

Crazy Horse ya miƙa wuya a watan Mayu 1877, aka soke shi da banati a sansanin Robinson ranar 5 ga Satumba. Sitting Bull ya tsallaka Kanada, yunwa ta dawo da shi a 1881. A 1889 aka daddatsa abin da ya rage na ƙasar zuwa ƙananan yankuna, irin su Pine Ridge da Rosebud da Standing Rock da Cheyenne River. Ranar 15 ga Disamba 1890 aka kashe Sitting Bull, bayan mako biyu kuma sojoji suka kashe Lakota tsakanin 250 da 300 a Wounded Knee, da yawansu mata da yara.

TAMBAYA: Zinaren da aka yi duk wannan dominsa, yana da yawa kuwa?

AMSA: Yana da yawa, amma ba inda talakawan mahaƙa suka zata ba. Zinare iri biyu ne. Akwai wanda ruwa ya wanko ya zube cikin yashin rafi, ana samun sa da faranti da kwararon katako, nauyinsa ya sa ya kwanta a ƙasa yashi ya wuce. Shi ya tara jama'a a garin Deadwood a 1876, kuma cikin 'yan shekaru ya ƙare. Na biyu yana cikin dutse, sai mai jari.

A watan Afrilu 1876 wasu 'yan'uwa biyu, Fred da Moses Manuel, suka gano jijiyar da ta zama mahaƙar Homestake a garin Lead. A 1877 George Hearst da abokansa suka saye ta dala 70,000. Ta yi aiki fiye da shekara 120, ramukanta suka nutsa kimanin mita 2,400, ta fitar da zinare kusan oza miliyan 40, wato sama da tan 1,200, kafin a rufe ta a farkon shekarun 2000.

Dutsen ba shi da wadata, tan guda bai ba da gram 10 ba, ribar a yawan niƙa take. Ana farfasa shi da manyan turamen ƙarfe har ya zama gari, a bi da shi ta kan farantan da aka shafa wa zaiba, zinaren ya manne, a ƙona zaibar ta tashi. Daga baya aka ƙara da sinadarin sayanaid, wanda ke narkar da ragowar. Matsalar ita ce dusar dutsen da ke ragewa bayan an cire zinaren. Kusan shekara 100 ana zuba ta kai tsaye a rafin Whitewood, har zuwa 1977, ɗauke da gubar asanik da zaiba. Rafin yana zuba a kogin Belle Fourche, shi kuma a kogin Cheyenne, wanda ya bi ta gefen yankin Lakota na Cheyenne River kafin ya shiga Misuri. A 1983 gwamnati ta sa wani sashen rafin a jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar. Ramin Homestake yanzu ɗakin binciken kimiyya ne a ƙarƙashin ƙasa.

TAMBAYA: Na karanta cewa kotu ta ba su kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya amma sun ƙi karɓa, ga shi ana cewa suna cikin matalautan Amurka. Malamai, wannan ba asara ba ce?

AMSA: Ɗan'uwa, kafin a yanke musu hukunci sai a san yadda aka kai ga kuɗin da kuma abin da karɓarsa ke nufi.

A wancan zamani ƙabila ba ta iya kai gwamnati ƙara sai Majalisa ta yi doka ta musamman. An yi dokar a 1920, aka shigar da ƙara a 1923, kotun da ke sauraron da'awar diyya ta yi watsi da ita a 1942. A 1946 aka kafa hukumar sauraron da'awar 'yan asalin ƙasa, aka sake shigarwa a 1950. Sai 1974 hukumar ta ce lalle ƙwace aka yi. A 1975 kotu ta ce hukuncin 1942 ya rufe ƙofa, duk da cewa a cikin wannan hukuncin ne alƙalan suka rubuta cewa da wuya a sami misalin rashin amana da ya kai wannan muni a tarihin ƙasar. A 1978 Majalisa ta yi doka a sake duba ƙarar daga tushe. Ranar 30 ga Yuni 1980 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 8 suka goyi bayan Sioux, 1 ya saɓa. Mai Shari'a Harry Blackmun ne ya rubuta, William Rehnquist ne ya saɓa. Daga shigar da ƙara zuwa hukunci shekara 57.

Abin da kotun ta duba ƙanƙani ne. Tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lone Wolf a 1903 dokar Amurka ta yarda Majalisa tana da ikon warware yarjejeniyar da aka yi da ƙabila. Don haka tambayar ita ce: a 1877 Majalisa ta yi aikin mai riƙon amana ne, wanda ya musanya ƙasa da abin da ya kai darajarta, ko ƙwace ta yi, wanda kundin tsarin mulki ya wajabta a biya diyyarsa da kuɗin ruwa? Gwamnati ta kafa hujja da abincin da ta raba. Kotu ta ce ba a taɓa auna abincin da darajar duwatsun ba, saboda haka ƙwace ne.

Ga lissafin. An ƙiyasta darajar ƙasar a 1877 dala miliyan 17.1, wato kimanin dala 2.34 kowace eka. Kuɗin ruwa kashi 5 cikin 100 a shekara, wanda ba ya hawa kan kansa, dala 855,000 ke nan duk shekara. A ninka sau 103 ya ba da kimanin miliyan 88. Jimla ta tashi wajen dala miliyan 105. Aka cire kashi 10 na lauyoyi, sauran aka ajiye a asusun gwamnati yana haihuwa, zuwa 2011 ya haura dala biliyan 1.

Dalilin ƙin karɓa a dokar yake. A ƙa'idar hukumar da aka kafa a 1946, kuɗi kawai ake bayarwa, ba a mayar da ƙasa, kuma biya yana kashe da'awa har abada. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Karɓar kuɗin daidai yake da sa hannun da kakanninsu suka ƙi yi a 1876 da yunwa a cikinsu. Tun kafin hukuncin ya fito majalisun ƙabilun suka fara nesanta kansu da shi, makonni kaɗan bayansa kuma lauyan Oglala, Mario Gonzalez, ya shigar da sabuwar ƙara yana neman ƙasar kanta, kotuna suka ce ba su da hurumi.

A duba ta fuskar amfani ma. In aka raba dala biliyan 1 ga mutum 100,000, kowa zai tashi da dala 10,000, kuɗin tsohuwar mota. Shekara ɗaya ko biyu ya ƙare, da'awa ta mutu, jikoki ba su gaji komai ba. A gefe guda kuma mahaƙa ɗaya ta fitar da oza miliyan 40. Talaucin gaskiya ne, gundumar Oglala Lakota da ke Pine Ridge tana cikin mafiya talauci a Amurka, kuma akwai 'yan ƙabilar da suka je kotu suna neman a raba. Ba ma ganin laifin mai yunwa. Amma sama da shekara 40 gwamnatocin ƙabilun suna kan bakansu cewa Paha Sapa ba ta sayarwa ba ce, kuma mu muna ganin lissafinsu daidai ne.

TAMBAYA: Fuskokin shugabannin Amurka huɗu da ake nunawa a talabijin, a can suke? Yaya aka sassaƙa su?

AMSA: A can suke. Lakota suna kiran dutsen Tunkasila Sakpe, kakanni shida, Turawa kuma Rushmore. Sunan Rushmore na wani lauya ne daga Niyok da ya je duba harkar ma'adinai a shekarun 1880. Masanin tarihin jihar, Doane Robinson, shi ya kawo shawarar a 1923 don jawo 'yan yawon buɗe ido, kuma da jaruman yammacin ƙasar ya so a sassaƙa, har da Red Cloud. Masassaƙin, Gutzon Borglum, ya zaɓi shugabanni: Washinton, Jefferson, Theodore Roosevelt da Lincoln.

An fara a watan Oktoba 1927, aka tsaya a Oktoba 1941, ma'aikata kimanin 400, kuɗi ƙasa kaɗan da dala miliyan 1. An yi samfur a ƙasa, kowane inci ɗaya a jikinsa ƙafa ɗaya ne a dutse, ana auna kusurwa da tazara da zurfi a kwafa a sama. Kusan kashi 90 cikin 100 na dutsen da aka cire, wajen tan 450,000, da nakiya aka fasa shi, har a kai inci 3 zuwa 6 daga inda fata za ta tsaya. Daga nan ma'aikaci, yana reto a kujerar da ke rataye da igiyar ƙarfe, ya huda ramuka kusa da juna kamar saƙar zuma, a ɓantare tsakaninsu da hannu, a goge. Kowace fuska mita 18. An sami cikas: Jefferson a hannun daman Washinton aka fara shi, bayan wata 18 aka ga dutsen wurin ba shi da ƙwari, aka tarwatsa shi aka koma hagu. Da har ƙugu za a sassaƙa su, Borglum ya mutu a Maris 1941, kuɗi ya yanke. Ba wanda ya mutu a bakin aiki, amma ƙurar dutse ta lalata huhun wasu daga baya.

Ɓacin ran Lakota a fili yake: ƙasar da aka ƙwace, dutsen ibada, fuskokin shugabannin gwamnatin da ta ƙwace. Lincoln ne ya amince a rataye 'yan Dakota 38 a Mankato ranar 26 ga Disamba 1862. Borglum kuma ya yi hulɗa da ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan.

Kimanin kilomita 27 daga nan ana sassaƙa Crazy Horse tun 1948, bisa gayyatar wani dattijon Lakota, Henry Standing Bear, ga masassaƙi Korczak Ziolkowski. Fuskar ta kammala a 1998, sauran aikin yana nan. Lakota sun rabu a kansa. Wasu suna alfahari, wasu suna cewa fasa dutse mai tsarki fasawa ne ko fuskar wa za a sa, balle mutumin da babu wani tabbataccen hotonsa.

TAMBAYA: Yau wa ke riƙe da wurin? An mayar musu da wani abu?

AMSA: Mafi girman kaso, kimanin eka miliyan 1.2, gandun dajin gwamnatin tarayya ne tun 1897. Sauran ya rabu tsakanin gandun ƙasa, gandun jiha da aka sa wa sunan Custer, garuruwa, da filayen kiwo na masu zaman kansu. Wannan rabon ne ya sa Sanata Bill Bradley ya kawo ƙudiri a 1985 a mayar da eka miliyan 1.3 na filayen tarayya kawai, ba tare da an tashi kowa daga gidansa ba. 'Yan majalisar Dakota ta Kudu suka yi adawa, ƙudirin ya mutu. A 2012 wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin 'yan asali, James Anaya, ya ba da shawarar a mayar da wasu filaye, ya ambaci waɗannan duwatsu.

Abin da aka samu ƙanana ne. Ibadunsu da aka haramta tun 1883 sun sami kariyar doka a 1978. Tun 1995 ana roƙon masu hawan dutse su ƙaurace wa Mato Tipila a watan Yuni saboda masu ibada, roƙo ne, ba tilas ba. A 2016 aka cire sunan Janar Harney, wanda sojojinsa suka kashe 'yan Sicangu (wani reshen Lakota) 86 a 1855, daga ƙololuwa mafi tsawo, aka sa mata sunan Black Elk, malamin addinin Oglala.

Pe Sla kuwa saye aka yi. A 2012 masu filin suka sa shi a gwanjo, ƙabilu da dama suka haɗa kuɗi, da gudummawar jama'a, suka biya dala miliyan 9 kan kimanin eka 1,900. An yi muhawara mai zafi a tsakaninsu, wasu suna cewa yaya za a sayi abin da yake naka, wasu suna cewa in aka tsaya jayayya za a wayi gari an yanka shi fuloti. Daga baya gwamnatin tarayya ta amince ta riƙe filin a matsayin amanar ƙabilun, abin da ya fitar da shi daga harajin jiha, kuma an mayar da ɓauna suna kiwo a cikinsa.